Yadda Ake Riƙe Hannun Matashin da Ya Fito Daga Gidan Yari Har Ya Tsaya da Ƙafarsa

Ranar da aka buɗe wa yaro ƙofar gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano, abin da yake fitowa da shi bai wuce leda ɗaya ba. A gida za a yi murna, a dafa masa abin da ya daɗe yana marmari bayan watannin da ya yi yana cin gabza, 'yan uwa su yi ta shigowa barka da arziki. Kwana uku, murnar ta lafa. Uba ya koma kasuwa, uwa ta koma hidimarta, shi kuma ya wayi gari ba aiki, ba ko sisi, ba waya, maƙwabta na janye 'ya'yansu in ya doso. Waɗanda kaɗai za su tarbe shi da fara'a, su matsa masa wuri a kan benci, su ne 'yan majalisar da ta kai shi can tun farko.

A abin da na gani, wanda ya tsira da wanda ya koma, abu ɗaya ne ya raba su: babban mutum guda, sananne, da ya ce wannan yaron a wuyana yake har shekara ta zagayo. Ƙungiya tana da amfani, gwamnati tana da nata aikin, amma yaro ba ya buga wa ƙungiya ƙofa da ƙarfe goma na dare in ransa ya ɓaci. In kai ne kake son zama wannan mutumin, ga yadda aikin yake tafiya.

Mataki na ɗaya: auna kanka

Ka tambayi kanka ko za ka iya ware masa lokaci sau biyu ko uku a mako na wata shida, sannan sau ɗaya a mako har shekara ta cika. In ba za ka iya ba, kada ka fara, ka taimaka wa wanda zai iya da kuɗi ko da hanya. Yaron nan an sha yi masa alkawari ana saɓawa, ƙarin guda ɗaya zai tabbatar masa da abin da ya riga ya ɗauka game da mutane. Kawu, yayan aboki, malamin islamiyyarsa na dā, ko tsohon ubangidansa sun fi uba dacewa da wannan aiki, domin tsakanin uba da ɗa akwai kunya da fushin da bai huce ba. Kuma yaro ɗaya za ka ɗauka, iyaka biyu.

Mataki na biyu: fara tun yana ciki

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin sauran. Wanda ya gan ka ta bayan ƙarfe lokacin da kowa ya guje shi, zai saurare ka a waje. Wanda ka fara sani ranar fitowarsa, kallon mai wa'azi zai yi maka.

Je ka ranar ziyara da katin shaidarka, ka nemi ganin jami'in walwala na gidan. A wurinsa za ka san ranar da ake sa ran fitowar yaron. Ka tuna shekarar gidan yari wata takwas ce ga wanda bai yi laifi a ciki ba, saboda ana yafe sulusin wa'adi, don haka lissafin da iyali suke yi a gida yakan zo a makare. Wanda yake jiran shari'a kuwa, kuma kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya irinsu ne, ba shi da rana. Kotu na iya sallamarsa gobe, ko babban jojin jiha ya zo ziyara ya sake shi, ko wani ya biya masa tara. A watan Nuwamba na 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta sanar da sakin mutum 4,068 a faɗin ƙasar bayan an tara Naira miliyan 585 don biyan tararsu. Irin wannan saki alheri ne, sai dai yakan zo bagatatan, iyali ba su shirya komai ba. Saboda haka ka shirya kamar gobe ne.

Ka tambayi jami'in ko yaron ya shiga wani sashe na koyon sana'a, ɗinki ko kafinta ko walda, da ko ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ko ta kammala sakandare. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiyoyi a wasu gidajen, kuma ba ta karɓar kuɗin makaranta daga fursunoni. Dokar 2019 da ta mayar da hukumar gidajen yari zuwa hukumar gyaran hali ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna natsuwa, ta kuma hana a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda zaman da ya yi. Hukumar tana da sashen kula da waɗanda aka sallama, wanda a wasu lokuta yake ba da kayan aiki ga wanda ya ƙware. Ba kowa ke samu ba, amma wanda ba a tambaya masa ba ya fi kowa nisa da samu. Idan yaron a gidan horon yara na Barnawa a Kaduna yake, tambayoyin duk ɗaya ne.

Da shi kansa, ziyarar farko ta sauraro ce. Kada ka tambaye shi me ya sa ya yi, ya riga ya amsa wa ɗan sanda da alƙali. Tambaye shi wa yake tsoron haɗuwa da shi a waje, wa yake binsa bashi, ina yake son ya kwana, me hannunsa ya iya. Kada ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka, kuma in ka ce za ka dawo ranar kaza, ka dawo. Kowa ya san labarin Annabi Yusufu da abokin zamansa na kurkuku, wanda Annabi Yusufu ya ce masa ya ambace shi wurin ubangidansa, shi kuwa ya fita ya manta. Wanda ke ciki ƙirga kwana yake yi, mantuwar na waje tana yi masa ciwo fiye da yadda muke zato.

Mataki na uku: gyara masa unguwa

Yaro ba gida kaɗai zai dawo ba, unguwa zai dawo. Fara da mahaifinsa. Da yawa za ka tarar uban ya rantse ba zai ƙara kwana a gidansa ba. Kada ka yi musu da shi. Ka ce, “Baba, gaskiyarka, ya ɓata maka suna. Abin da nake roƙo wata uku ne kawai, kuma in ya yi wani abu ni za ka kira, ba sai ka ɗaga murya ba.” Uwa kuma a roƙe ta abu guda: “Inna, don Allah kada ki riƙa ba shi kuɗi a ɓoye, in yana da buƙata ki faɗa mini.” Tausayin uwa ya sayi ƙwaya da yawa ba da saninta ba.

Daga nan sai mai unguwa da liman, ku je tare da uban ko wani dattijon gidan. “Ranka ya daɗe, ɗanka zai dawo ranar kaza, mun zo mu sa shi a hannunka.” Wannan gaisuwar tana da amfani ranar da aka yi sata a layin, 'yan sintiri suka fara neman wanda za su ɗora wa. In mai unguwa ya san akwai mai tsaya masa, za a kira ka kafin a taɓa shi.

Sai mai wuyar, wato wanda aka yi wa laifin. Zaman gidan yari ya biya hukuma, bai biya wanda aka fizge wa waya ko aka sara a hannu ba. In mutumin yana unguwar, a je masa da dattawa kafin yaron ya fito, a ba shi haƙuri, a ji abin da yake so. In dukiya ce, a tsara yadda za a biya kaɗan-kaɗan, yaron ya sa guminsa a ciki ko yaya ne. Kada a matsa wa kowa ya yafe, haƙƙinsa ne. In kuwa akwai jini a tsakani, irin na faɗan daba da ake ramuwa, ko na sara-suka da kalare a wasu garuruwan, to kada a dawo da shi unguwar ko na kwana ɗaya. A nemi ɗan uwa a wani gari da zai riƙe shi, kai kuma ka haɗa kai da wani babba a can. Na san yadda wannan yake yi wa uwa zafi, ta shekara biyu tana jira a ce kuma ba zai kwana a ɗakinta ba. Amma gara ta je ta gan shi a Gaya ko Funtuwa da ta je ta gan shi a asibiti.

Mataki na huɗu: ranar fitowa da makon farko

Ka kasance a bakin ƙofa da kanka, da kaya masu tsabta da takalmi. In ba ka je ba, akwai masu zuwa. Karɓi takardar sallamarsa ko umarnin kotu, ka yi mata hoto uku a ranar: ɗaya a gida, ɗaya a wurinka, ɗaya a aljihunsa. Wanda aka sallama ba tare da an same shi da laifi ba ya fi kowa buƙatar wannan takarda, domin unguwa ba ta bambance wanda aka ɗaure da wanda aka tsare.

Ku wuce wurin wanzami ko mai aski, ya yi wanka, ya ci abinci, ya yi barci. Kada a tara masa taro, kada a zaunar da shi a yi masa nasiha mutum goma. Zai yi ta firgita da dare, ko ya kasa barci, ko ya ƙi fita, ko ya riƙa ɓoye abinci. Wanda ya daɗe ana buɗe masa ƙofa ana rufewa, ana faɗa masa lokacin ci da na kwanciya, ba ya warwarewa rana ɗaya.

A cikin makon ku gama da takardu. In ba shi da lambar NIN ku je a yi masa, domin ba layin waya ba asusun banki sai da ita. Sabon layi za a saya masa, da ƙaramar waya mai madannai. Tsohon layin nan cike yake da lambobin da ba ka so su same shi.

Mataki na biyar: asibiti

Cunkoson ɗakunan gidan yari yana yaɗa tarin fuka da ƙazuwa. In yana tari ya kai mako biyu, ko yana zufa da dare, ko ya rame, a kai shi gwaji. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata shida ake sha, kuma ba a yankewa don an ji sauƙi. In an fara ba shi wani magani a ciki, ka tabbatar bai yanke ba.

Maganar shaye-shaye kuwa, ka yi masa ita kai tsaye, ba zagi ba kewaye-kewaye. Akwai abin da yawancin yaran ba su sani ba: wanda ya daɗe bai sha ba, jikinsa ya daina ɗaukar abin da ya saba. In ya fito ya haɗiye adadin tiramadol ko kodin ɗin da yake sha a dā, zai iya sheƙawa lahira a daren, kuma makonnin farko bayan fitowa su ne mafi haɗari. Faɗa masa wannan ko da ya rantse ya daina. In ka ga abin ya fi ƙarfin magana, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, tana da sashen ba da shawara da gyaran masu shaye-shaye, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana ganin likita. Abin da ba zan taɓa ba da shawara ba shi ne a kai shi inda za a sa masa mari a ƙafa. Wanda ya fito daga ɗauri ba ya gyaruwa da wani ɗaurin.

Mataki na shida: nemo masa ubangida

A nan masu niyyar alheri suka fi yin kuskure. Ana tara kuɗi a masallaci ko a dangi, a damƙa masa a ce ga jari. Ko a karɓo masa adaidaita sahu. Ina ganin duka biyun ganganci ne a watannin farko. Kuɗi a hannu, ba mai ganin shigarsa da fitarsa, ga balas da za a kai wa mai mashin kullum ko an samu ko ba a samu ba, ga gari duka a buɗe gabansa. Ranar da balas bai cika ba, tsohuwar hanya tana nan kusa.

Abin da muke da shi tun kaka da kakanni ya fi wannan: yaro a gaban ubangida. Gareji, shagon walda, wurin kafinta, teburin gyaran waya a Farm Centre, rumfa a Kantin Kwari ko Ƙofar Ruwa, ko Panteka in a Kaduna ne. Wurin da zai je da safe, a san ya zo, a ba shi na abinci da na mota, ya dawo da yamma a gajiye. Gajiyar nan magani ce.

Zaɓi sana'ar da yaron yake so, ba wadda kai kake so ba, kuma a wata unguwa da ba tasu ba. Ka faɗa wa maigidan gaskiya tun farko, domin in ya ji a bakin wani, ranar zai kore shi. “Alhaji, yaron nan ya yi wata goma sha takwas a kan waya. Ni ne mai tsaya masa. Ka gwada shi wata ɗaya, kada ka ba shi ajiyar kuɗi tukuna, kuma abin da ya faru a baya ya tsaya tsakanina da kai.” Ku yi magana a fili a kan abin da za a riƙa ba shi, da lokacin da za a yaye shi, don kada a mai da shi bawa saboda an san ba shi da zaɓi. Za a ƙi ka sau uku ko huɗu kafin wani ya amsa. Masu sana'ar da su ma suka taɓa faɗuwa aka ɗaga su sun fi saurin cewa to.

Wani sharaɗi da ba a sassautawa: in laifinsa ya shafi yara ko mata, ba a kai shi aiki a makaranta, ko cikin gidan mutane, ko duk inda zai keɓe da su, kuma ba a ɓoye wa wanda ya kamata ya sani.

Kuɗin da aka tara fa? A riƙe su. A saya masa kayan aiki da su sannu a hankali, a biya kuɗin mota na watan farko, a rage bashin da ake binsa. Wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka, don haka kada ka ji nauyin tunkarar mai fitar da zakka da maganarsa. In ya fara samu, ka sa shi a adashi tare da abokan aikinsa, ranar kwasa ku je tare a sayi abin da aka yi niyya.

Mataki na bakwai: cike masa yamma

Daga la'asar zuwa bayan isha'i ne lokacin majalisa. Cewa “kada ka je” ba ta isa ba, sai an ba shi wani wurin zuwa. Ƙwallo a filin wata unguwa, makarantar dare, ajin yaƙi da jahilci in bai iya karatu ba, ko ya zauna a shagonka ku yi hira. Ka riƙa tafiya da shi ɗaurin aure da jana'iza, ka gabatar da shi da sunansa da sana'arsa, mutane su saba ganinsa a cikin jama'a. A roƙi 'yan gida su daina kiransa da laƙabin daba, a koma sunan yanka.

Za a ce a yi masa aure ya natsu. A dakata. 'Yar mutane ba asibiti ba ce. In ya shekara yana ciyar da kansa sai a yi maganar, kuma a faɗa wa iyayenta gaskiya.

Mataki na takwas: ranar da ya zame

Zai zame. Zai ƙi zuwa aiki kwana biyu, ko ka ji warin wiwi a jikinsa, ko a ce an gan shi da su wane. Ka sa wannan a lissafinka tun yanzu don kada ya karya maka gwiwa. Je ka same shi a ranar, kai kaɗai, kada ka aika. Tambaye shi me ya faru kafin ka ce komai. Sau da yawa za ka tarar wani ne ya kira shi ɓarawo a gaban mutane, ko an ɓatar da abu a shago aka fara kallonsa. Sannan ka mai da shi wurin maigidansa da kanka washegari, ka ba da haƙuri a gabansa.

Amma ka shata masa iyaka tun ranar farko, ka kuma tsaya a kanta: ba za ka yi masa ƙarya ba, ba za ka ajiye masa kayan da ba ka san asalinsu ba, ba za ka ɓoye shi ba in ya cuci wani. Kada ka tsaya masa beli a kan abin da ya fi ƙarfinka. In kuwa kame aka yi aka haɗa da shi don kawai an san fuskarsa, ka je caji ofis da takardar sallamarsa da maigidansa, ko da mai unguwa, a nuna inda yake a lokacin. Beli a wurin 'yan sanda kyauta ne a doka, kuma dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani. In abin ya kai kotu, hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya tana da ofisoshi a jihohi, tana tsaya wa marasa hali ba tare da kuɗi ba.

Kai ma ka samu wanda kake faɗa wa damuwarka, domin akwai makon da za ka ji kamar ka yar da komai.

Mataki na tara: sassauta riƙo

Alamomin da nake dubawa ƙanana ne. Maigida ya aike shi kasuwa da kuɗi ya dawo da canji daidai. Ya sayo wa mahaifiyarsa sabulu da kuɗinsa. Ya kira ka don ya gaishe ka kawai, ba don wata buƙata ba. In ka ga waɗannan sun jeru wata biyu ko uku, rage zuwa: daga sau uku a mako zuwa sau ɗaya, daga nan sau biyu a wata. Faɗa masa dalili, kada ya ɗauka gajiya ka yi da shi. Ku koma wurin mai unguwa tare, wannan karon shi zai yi gaisuwar da bakinsa.

In shekara ta cika kuma jami'in walwala ya kira ka a kan wani yaron da zai fito ba mai tarbarsa, tambayi naka ko zai raka ka bakin ƙofar. In ya ce a'a, ƙyale shi, akwai waɗanda ba sa son ko bin titin. In ya amsa, ba shi ledar kayan ya riƙe, shi zai miƙa.